Su Turancin titi, mu Turancin littafi

Ranar Asabar a wani shagon nama da ke Cheetham Hill, nan Manchester, na karɓi canjina na ce wa mai shagon "cheers, mate", wato "na gode, aboki". Wani dattijo ɗan ƙasarmu da ke bayana a layi ya yi gyaran murya ya ce, "Haba Hajiya, har da ke? Wannan ai maganar 'yan tasha ce." Ɗansa na tsaye a gefensa yana waya, yana ta surfa ashar da Turanci, uban ko kallonsa bai yi ba. Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba," na fita. Amma abin ya tsaya mini a rai.

Mutanen garin nan ba irin Turancin BBC suke yi ba. Matar da ke karɓar kuɗi a kanti "love" za ta kira ka, ko da gemunka ya kai ƙirji. Godiyarsu "ta" ce kawai, abincin dare kuma "tea" suke ce masa, ko babu shayi a wurin. Wanda bai iya wannan ba, gaisuwa kaɗai zai samu, ba za a ja shi hira ba.

A ajin koyon Turanci da na yi, akwai 'yan Sudan, Eritiriya da Afganistan. Mu mata mu ke cinye jarrabawar nahawu. Amma kafin shekara ta zagayo, mazan sun kwashi Turancin gari a sito, a tasi, a filin ƙwallo na Platt Fields, suna barkwanci da Turawa har da tafawa. Mu kuwa in mun buɗe baki a ƙofar makarantar yara, sai ka ce takardar neman aiki muke karantawa. Wata tsohuwa a gidan kula da tsofaffi inda nake aiki ta taɓa tambayata ko a fadar Sarauniya na koyi magana. Yabo take nufi, ni dai ban ji daɗi ba.

Ba mu kaɗai ba ne, na sani. Binciken da masanin harshe Peter Trudgill ya yi a birnin Norwich, wanda ya fito a 1974, ya nuna mazan Ingila ma sun fi matansu sakin baki da karin unguwa, har suna alfahari da shi. Kuma ban ce kunya ba ado ba ce, ba na son 'yata ta tashi da ashar a baki. Sai dai kalmar godiya ba ashar ba ce, kuma in tarbiyya ake so, a fara da wanda ake jin muryarsa har bakin titi.

Abin da ya fi ci mini rai, a gida ba mu rasa bakin wasa ba. Wa ya kai mata iya habaici a gidan biki, ko zaurance a wajen kitso, ko tsokanar kaka da taubashi? A nan Hausata ta koma gaishe-gaishe a waya da Inna, Turancina kuma na wurin aiki ne. Maza har a nan sun kafa majalisarsu a shagunan aski da wuraren shan shayi na Wilmslow Road. Mu abin da muka samu shi ne zauren WhatsApp, shi ma daga sanarwar rasuwa sai wa'azin yadda mace ta gari take magana.