Kwaɗon Kawu mai kwana 90

Wallahi ni na ja wa kaina. Kawuna yana da shagon shadda da huluna a Agege, ni na haɗa masa ɗan shafin intanet saboda masu oda daga nesa, na ɗora a wata sabar haya mai arha, ina ta hura hanci a unguwa wai ni injiniya. Rannan da sassafe sai ga kiransa, ko gaisuwata bai amsa ba: "Kai, wani kwastoma ya ce an rubuta wa shagona Not secure, shekara talatin ina kasuwa a Legas ba wanda ya taɓa ce min marar amana sai wannan abin naka?"

Na ce Kawu ba da kai ake ba, tun 2018 Chrome ke manna wa duk shafin da ba shi da https wannan tambarin, wato abin da kwastoma ya rubuta, lambar waya ce ko adireshi, a fili yake tafiya kamar kaya a bayan a-kori-kura ba tamfol. Kwaɗo kawai za a sa masa. Kafin in rufe baki ya turo dubu ashirin wai a sayo mai ƙarfi.

To ni fa na san wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt kyauta suke ba da satifiket, wato kwaɗon da nake nufi, ko sisi ba a biya, amma bakina ya yi nauyi. Kuɗin dai tsire da data suka cinye.

Da dare na girka certbot, manhajar da ke karɓo satifiket ɗin. Yadda abin yake, sai ya ajiye wani ɗan fayil a sabarka, su kuma 'yan Let's Encrypt su ƙwanƙwasa ta ƙofar sabar mai lamba 80 su duba, in sun gani sun yarda shafin naka ne. Na danna, ya ƙi. Na sake, ya ƙi. Ga an ɗauke wuta ga sauro ga janareton maƙwabci a kaina, ni kuma maimakon in karanta abin da ya rubuto sai dannawa nake kamar mai jiran alat, a karo na biyar suka ce malam je ka huta sai bayan awa ɗaya. Ashe sunan shafin tsohon IP yake nunawa, wato tsohon adireshin saba, gidan wani suke ta zuwa sallama. Akwai ma --dry-run na gwaji, sai daga baya na sani. Ƙarfe biyun dare aka daidaita.

Nan ne wayo ya ci ni. Na ce tunda yanzu kowa ta ƙofar 443, wato ta https, zai shiga, me za a yi da tsohuwar ƙofa, na garƙame 80 na kwanta ina yaba wa kaina. Satifiket ɗin nan kwana 90 ne ransa, in ya rage saura 30 certbot da kansa yake neman sabo, to wata guda cur bawan Allah yana nema ana zuwa ana tarar da ƙofa a kulle, ni ina can ban san wainar da ake toyawa ba.

Saura kwana huɗu Sallah, lokacin da oda ta fi shigowa, ina cikin danfo a go-sulo a Oshodi wani ya ɗora min buhun gari a ƙafa, Kawu ya kira. Yanzu ba ɗan tambari ba ne, gargaɗi ne ya cika fuskar waya, kwastoma ko hula ɗaya ba ya gani. A wayar na shiga sabar, kwandasta na ihun canji ni ina buɗe 80, na buga certbot renew, na sake tada nginx, manhajar da ke nuna shafin, ko minti biyu ba a yi ba.

Da na iso shago ya ce, "Kwaɗon dubu ashirin ya karye a wata uku? Tashi ka kai ni wurin wanda ya sayar maka, Computer Village ne ko?" Ina inda-inda sai autansa ɗan aji uku, wanda ba wanda ya tambaye shi, ya ɗago daga waya ya ce Baba ai nan an rubuta kyauta ne.

Kawu bai ce uffan ba. Ya miƙa hannu ya ɗauke shaddar Sallar da ya ware min, ya mayar kan kanta.