Karta ta mutu a hannuna, ta tashi a hannun wani

Kwana huɗu ke nan da dawowata daga wata gasar foka, wato wasan karta na caca, a nan Turai inda nake zaune, kuma har yanzu abin yana ci mini rai. Asarar kuɗin shiga ba ta dame ni ba, duk wanda ya zauna a teburin karta ya san zai iya tashi hannu rabbana. Abin da ya hana ni barci shi ne hukuncin da aka yanke mini, da yadda aka yanke kishiyarsa a teburi guda, a rana guda.

Ga yadda aka yi. An buɗe karta ta biyar, wato ta ƙarshe cikin waɗanda ake buɗe wa kowa a tsakiya, mu biyu muka rage. Abokin karawata ya zuba kusan rabin kwabban da ke gabana, wato 'yan fayafayan da ake zubawa a madadin kuɗi, na biya. Sai ya ɗaga murya ya ce yana da jerin biyar, wato karta biyar masu lambobi a jere. Ni takwas guda uku ne a hannuna, jeri kuwa ya fi su, don haka na tura kartata gaba a kife. Yana buɗe tasa sai ga huɗu ne kawai a jere, ta biyar babu ita, abin da yake da shi bakwai guda biyu ne. Na yi ihu na ce a dakata. A lokacin kartata tana ƙarƙashin yatsun mai rabo, wato ma'aikacin da ke raba karta, nesa da tulin matattun karta, kowa yana ganinta. Maimakon ya tsaya, sai ya ja ta har gefenta ya taɓa tulin.

Aka kira alƙalin zaure. Bai tambayi mutum bakwai da suka shaida abin ba. Bai tambayi abokin karawata me ya sa ya faɗi abin da ba shi da shi ba. Ya dubi mai rabo ya ce, ta taɓa tuli? Aka ce ta taɓa. Ya ce ta mutu. Na ce, yallaɓai, ga ta nan a sama, ko motsa ta ba a yi ba, bari in raɗa maka abin da ke ciki ka duba. Ya ce hukunci ya yanke, ya juya ya tafi.

Na yarda da nawa laifin. Bai kamata in saki karta ba sai na ga ta abokin karawa da idona, wannan darasi ne na ranar farko. Amma sa'a biyu kafin nan, a wannan teburin, wani dattijo da ma'aikatan ke gaisawa da shi da sunansa ya jefa tasa a kife, ta hau tulin sosai, sannan ya tuna yana da launi ɗaya guda biyar. Alƙalin da ke aiki a lokacin, wani ne daban, ya zo ya zaro ta, ya tabbatar ita ce, ya ba shi kwabban. Ban yi jayayya ba, don a ganina daidai ya yi. To me ya sauya tsakanin ƙarfe biyar da ƙarfe bakwai?

Abin haushin ma, doka tana nan a rubuce. Ƙungiyar daraktocin gasar foka, TDA, wadda Matt Savage da Linda Johnson da Jan Fisher da David Lamb suka kafa a 2001, don magance wannan rikicin aka yi ta, domin a da kowane gidan wasa da nasa tsarin. Dokokinta sun ce karta ce ke magana, abin da mutum ya furta da baki a lokacin buɗewa ba ya ɗaure kowa, kuma wanda ya faɗi ƙarya da gangan ana iya hukunta shi. Sun ce tura karta a kife ba ya kashe ta nan take: matuƙar ana iya gane ta ba tare da kokwanto ba kuma ana iya ɗauko ta, mai ita yana da damar buɗewa. Wannan shi ne hali na. Sai dai doka ta ɗaya a littafin ta ba alƙali ikon yin abin da ya ga ya fi dacewa da adalci, ta kuma ce hukuncinsa ba shi da ɗaukaka ƙara. An rubuta ta don a ceci wanda aka zalunta, amma malalacin alƙali ya mayar da ita mafaka.

Kada a ce wannan matsalar ƙananan gasa ce. A babbar gasar duniya ta WSOP a Las Vegas, inda kuɗin shiga ya kai dala 10,000, an ga irinta a gaban kyamara. A 2009 Estelle Denis, 'yar jaridar talabijin daga Faransa, ta tura duk kwabbanta 142,000 bayan J.C. Tran ya zuba 32,000. Mai rabo ya kwashe kartarta ya haɗa da tuli ba tare da ta jefar ba. Ta ce As biyu ne, hannun da babu kamarsa a farkon zagaye. Aka ce kare karta nauyin mai ita ne, aka kashe hannun, ta yi asarar 32,000 a kan kuskuren da ba nata ba.

Bayan shekara uku, a 2012, Gaëlle Baumann, ita ma Bafaransiya, ta buɗe da 60,000 riƙe da sarki biyu. Andras Koroknai na ƙasar Hungary ya ce ya zuba duka, sannan da hannunsa ya jefar da kartarsa, wai bai lura ta shiga ba. Mutum ya furta duka, ya zubar da makaminsa da kansa, kowa na zaton ya gama. Aka yanke cewa 60,000 kawai zai biya, sauran ya riƙe. Daga baya shi ne ya fitar da ita a matsayi na 10, taki ɗaya kafin teburin ƙarshe, shi kuma ya ƙare na 6. Masu kare hukuncin za su ce ai ƙa'ida ɗaya aka bi a duka biyun, an mayar wa kowa abin da ba a riga an biya ba. Haka ne. Amma a duba wa ya ci moriya: wadda aka yi wa kuskure ta tashi da asara, wanda ya yi kuskuren da kansa ya tsira da ransa a gasar. Ta yaya mai hankali zai kira wannan adalci?

Gyaran kuma ba shi da tsada, shi ya sa raina ke ƙara ɓaci. A koya wa mai rabo ya riƙe kartar da aka tura a gefe guda har sai an karanta hannun da aka buɗe, an tabbatar da wanda ya ci, sannan ya haɗa ta da tuli. Daƙiƙa uku ne. Alƙali kuma ya saurari teburin kafin ya buɗe baki, ya duba kyamarar da ke rataye a samanmu idan an yi saɓani, ya faɗi lambar dokar da ya dogara da ita. Gidan yana cire kasonsa daga kuɗin kowane ɗan wasa da sunan gudanarwa. Ina gudanarwar take idan alƙalan yamma da na dare ba su taɓa zama sun daidaita bakinsu ba?

Na rubuta musu takardar ƙorafi washegari, na sa lambar teburi da lokaci, na roƙi a kalli hoton kyamara. Amsar da ta zo layi biyu ce: sun gode da zuwana, kuma hukuncin alƙali ba ya sauyawa. Mutumin da ya faɗi jerin da ba shi da shi ko gargaɗi ba a yi masa ba, da kwabbaina ya kai zagayen da ake raba kuɗi.