A je bes, a can ake kama yaran

Kun ga hotunan taron jiya. Malaman jami'a sun tara manyan 'yan sanda a otal domin sasanta su da matasan unguwannin Zango na Kumasi, a Ghana, amma babu yaro ko ɗaya da ya taɓa kwana a kanta-bak, wato inda ake tsare mutane a ofishin 'yan sanda. Niyyar malaman mai kyau ce, wallahi, sai dai sun ɓata hanya. Wanda ake kamawa yana bes, wato majalisar da matasa ke zaman hira, a Aboabo da Asawase da Sawaba, yana shan ataya. Can za a je.

Kuma a daina gayyato kwamandoji. Kwamanda ba ya sintirin dare. Ƙananan 'yan sandan da ke hawa mota su yi kame su ne za a zaunar, huɗu ko biyar, da yara kamar goma. Zaman farko a raba su, kowane ɓangare ya amayar da abin da ke cikinsa. Kada a zagaya da takardar sunaye da lambar waya, domin da yaro ya ganta zai ɗauka ana neman masu kai rahoto ne, ba zai dawo ba.

Wai bes babu tsaro. To wa ya fi jin tsoro? Tun Yulin 2018 da 'yan sanda suka harbe 'yan'uwanmu bakwai a Manso Nkwanta, kwamitin gwamnati kuma ya ce babu shaidar cewa 'yan fashi ne, yaron Asawase bai yarda da kaki ba. Diyyar da aka biya iyalansu ba ta goge wannan ba.

Idan an je, a koyar da abin da zai yi amfani a daren kamu. Kundin tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ce awa 48 ne a kai mutum kotu ko a sake shi, Kotun Ƙoli kuma ta ce a 2019 har Asabar da Lahadi ana lissafawa. Beli kyauta ne. Wanda bai kai shekara 18 ba, dokar shari'ar ƙananan yara ta 2003 ta hana a haɗa shi ɗaki ɗaya da manya, kuma dole a sanar da iyayensa. Bayan wata uku malaman su je ofishin 'yan sanda su duba littafi: nawa aka kwaso, nawa suka ga alƙali?

Iyayenmu mata kuma, don Allah ku daina sayar da atamfofinku kuna kai kuɗin beli cikin dare. Ku tafi da liman ko wakilin Sarkin Zango, ku tambayi sunan mai binciken, ku rubuta lokacin da aka kama yaron.