Mai aikin sa kai ba baran kowa ba ne

Abokaina na gida masu harkar kwamfuta sukan tambaye ni, tunda ina zaune a Jamus: wai me ya sa masu rubuta manhajojin kyauta ba su da ladabi? Ka kai musu ƙorafi cewa abu ya lalace, ba sallama ba sannu, sai dai ka ga tambaya: wace siga ka ɗora, me ka danna kafin ta tsaya? A kunnen Bahaushe wannan kora ce.

Ni ban ɗauke shi haka ba. Mu mun saba a gaisa, a tambayi gajiya da iyali, sannan a ce "abin nan fa ya ƙi yi", a yi shiru. To mai gyaran ba boka ba ne. Sai ya san na'urarka da saƙon da ta fitar kafin ya gano inda ciwon yake, kuma galibi mutum ne da ya tashi daga aikin albashinsa, dare ya yi, ya saci awa ɗaya.

Zagi kam akwai shi. Linus Torvalds, wanda ya fara Linux, babbar manhajar kyauta mai tafiyar da kwamfuta, a 1991, ya daɗe yana wanke masu aiko masa gyara tas a bainar jama'a, har a Satumbar 2018 ya nemi afuwa, ya ɗan ja gefe, aka kafa ƙa'idar zaman tare. Kowa ya san wannan labarin. Wanda ya fi damuna shi ne rashin kunyar da ke fitowa daga masu ƙorafin kansu.

A ƙauyenmu idan aka kira gayya, mai gona ne ke dafa abinci, kuma ba ka isa ka tsaya a bakin gona hannu a aljihu kana yi wa masu noma tsawa ba. A harkar manhajar kyauta kuwa gonar ta kowa ce, ba mai ciyar da kowa, ga kamfanoni masu cin ribar biliyoyi suna tambayar yaushe za a gama.

Dubi abin da ya faru da xz, ƙaramar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace na'urar Linux. Lasse Collin ya yi shekaru yana riƙe da ita kusan shi kaɗai. A 2022 wasu baƙin sunaye suka taso shi a gaba da gori, wai ya yi sakaci, ya ba wani wuri. Ya ce musu ba shi da cikakkiyar lafiya, kuma ba biyansa ake yi ba, ba su sassauta ba. Sannu a hankali ragamar ta koma hannun wani mai kiran kansa Jia Tan. Sai a Maris 2024 Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya lura shiga wata na'ura na jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya tona, ya tarar an dasa ƙofar ɓarayi, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse, a cikin xz.

Yanzu ma wani sabon salo ya shigo. Daniel Stenberg na Sweden, mai kula da curl, manhajar kyauta ta aikawa da karɓar bayanai ta intanet, tun farkon 2024 yake kuka da rahotannin matsala da ake sa ƙirƙirarriyar basira (AI) ta rubuta. Suna zuwa da lafazi mai daɗi da tsari kamar na gwani, mutanensa su ɓata sa'o'i suna bincike, daga ƙarshe a ga matsalar da aka ambata babu ita sam.