Kasafin kuɗi ba tsabar kuɗi ba ne a ajiye

Duk ƙarshen shekara, da zarar gwamna ya gabatar da kasafi a Majalisar Dokokin Jiha a Birnin Kebbi, sai in ji magana ɗaya a majalisar masu shayi: "Ai an ware kuɗin hanyarmu, sun shigo, an cinye." Maganar na damuna, ko da yake ban ga laifin masu yin ta ba. Kalmar "warewa" ce ke sa mutum ya ɗauka an ƙirga kuɗin an ajiye gefe.

Kasafi kiyasi ne: ga abin da ake sa ran samu, ga inda za a kashe shi. Kuɗin kuwa wata-wata suke zuwa, akasari daga rabon asusun tarayya, inda jihohi 36 ke raba kashi 26.72 cikin ɗari, sai harajin cikin gida da bashi.

Ɗauki manomin shinkafa a fadamar Argungu. Tun kafin shuka ya lissafa buhu hamsin, har ya raba: goma na auren ɗiyarsa, biyar na kwanon ɗaki. Ambaliya ta zo, ya tashi da ashirin. Abinci zai fara cirewa, kwano ya jira. Haka gwamnati ke fara biyan albashi da bashi, ayyukan raya ƙasa su biyo baya. A 2020 ma Gwamnatin Tarayya ta gina kasafinta kan dala 57 kowace gangar mai, farashi ya faɗi, ta mayar da shi 28.

Ana cin kuɗin aiki kam, ban musa ba. Amma kafin zargi, a duba rahoton aiwatar da kasafi da ake fitarwa duk wata uku, a ga nawa aka saki wa hanyar.