Shara Ce Ko Ciko?

(An kwana ana ruwan Agusta. Katangar Alhaji Bakano, rabinta bulo rabinta tubali, ta zube ta toshe lungu da kwata. Bazazzagi ya tsaya da tifarsa. Jauro Bafillatani na gefe riƙe da igiyar bijimi, maƙwabta sun fara taruwa.)

BAKANO: Yauwa Bazazzagi, yi baya da tifar nan. Kaya na samu na sayarwa, kai na fara tunawa saboda zumunci.

BAZAZZAGI: Wane kaya? Ni shara nake gani. Kwashe shara kuwa dubu 30 ne sawu ɗaya, ban da na yara masu shebur.

BAKANO: Shara a idonka! Ciko ne wannan. Duk mai fili a bakin kududdufi nemansa yake ido rufe. Kai za ka ba ni dubu 30.

BAZAZZAGI: Alhaji, katanga ne ya faɗi, ba kanti ka buɗe ba.

BAKANO: Katanga ce ta faɗi. Gyara Hausarka tukuna, sannan ka gyara min farashi. Mutanen da suka soya kuɗi a kasko ne za su koya min ciniki?

BAZAZZAGI: Mu da muka soya ai mun samu ne. To a Hausarku ta Dabo me ake ce wa wannan tarkacen?

BAKANO: Ɓaraguzai.

BAZAZZAGI: To ka taɓa jin an ce "ɓaraguzai nawa-nawa" a Kantin Kwari?

BAKANO: Bari a tambayi masu ilimi. Allah gafarta Malam, don Allah tsaya ka raba mu. Me littafi ya kira wannan?

MALAM: To, Larabawa suna da sunaye. In an tara shi tsibi guda, rukam ne. In kuwa gini ne ya warware, sai su ce anƙal. Tushensa ɗaya da kalmar da muke karantawa a babin abubuwan da ke warware alwala. Turkawa ma can suka aro tasu, enkaz, wadda aka yi ta ji a bakinsu lokacin girgizar ƙasar 2023.

BAKANO: Ka ji ko? Alwalar katanga ce ta karye. Wanda alwalarsa ta karye kuwa sabuntawa yake yi, ban taɓa jin ya biya Bazazzagi ba.

MALAM: Ni ban faɗi haka ba.

BAYARABE: Ankali! Malam ta faɗi gaskiya. Tun bara ni ya ce Alaji ki yi ankali. Siminti buhu ɗaya, ke ya ce a buga bulo 60!

MALAM: Anƙal na ce, Baba birkila, ba hankali ba.

BAYARABE: Duka ɗaya ne. Babu ankali, sai ankal. Wannan bulo ko kaza ta yi tari kusa da shi, za ta faɗi. Mu a Ogbomoso, dutse okuta ne, bango da ya faɗi alapa ne. Amma wannan ba okuta, ba alapa. Garin kwaki ne aka jiƙa.

BAKANO: Wa ya kira ka? Cikon kuɗin aikinka ma na fasa ba ka.

BAYARABE: Da ma shekara biyu kina fasawa.

BADAMAGARE: Ku saurara ku ji ta lakwal. Mu da Faransa ta raina, abin kashi biyu ne. In gini ya rufta, ana tono ana neman mutane ko kaya a ƙarƙashi, dekombur ne. In kuwa tarkacen wurin aiki ne da ake lodawa a mota, garaba ne.

BAKANO: Garaɓasa! Allah ya yi maka albarka. Bazazzagi ka ji da kunnenka, Faransa da kanta ta ce garaɓasa na ba ka.

BADAMAGARE: Garaba na ce, Mushe. Kuma can mai gida ke biya a kwashe.

BAKANO: Ni ne mushe? A ƙofar gidana? To koma da garabarka Damagaram, sefa ma ba ma karɓa.

ƊAN BOKO: Baba Alhaji, in za a ba ni dama. A Turancin Ingila sunansa rabul, kuma masana na danganta kalmar da rabish, wato shara.

BAZAZZAGI: Allah ya ƙara ilimi, yaro! Wane makaranta ka yi? Na san Zariya ne.

ƊAN BOKO: Ban gama ba. Injiniyoyi kuma in za su zuba shi ƙarƙashin daɓe, su daddage kafin a zuba kankare, sai su ce hadko. Shi wannan da kuɗi ake saye.

BAKANO: Hadko! Wallahi tun da na fito na ga yana kama da hadko. Dubi wancan dutsen, hadko ne tun daga kakansa.

BAZAZZAGI: Yaro, tsaya wuri ɗaya mana. Rabish ne ko hadko ne?

ƊAN BOKO: Ya danganta da wanda ya fara buƙata. Jamusawa kuma turuma suke cewa.

BAKANO: Turame? Na atamfa ko na shadda?

ƊAN BOKO: Turuma, Baba. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, Berlin ta zama kango. Har mata aka sa suna tsince tubalin da bai fashe ba, suna kankare shi don a sake gini, ana ce musu matan turuma. Ragowar da ba ta moruwa aka yi shekara 20 da ɗoriya ana jibgewa a bayan gari, har ta zama tsauni mai tsayin kusan mita 80. Amurkawa suka kafa tashar satar sauraren maganganun Rasha a kansa. Sunansa Dutsen Shaiɗan.

BAKANO: Tsaya. Shekara 20 tifa na sauke kaya?

ƊAN BOKO: Ƙwarai.

BAKANO: Ba wanda ya kafa rumfa yana yankar rasit?

ƊAN BOKO: Ban ji ba.

BAKANO: Ciko har sama, ba a sayar da ko kwanon sarki ɗaya ba! Ai dole a ce na Shaiɗan ne. Da a Kano ne, kafin la'asar 'yan jari-bola sun zare rodin, kafin magariba an yanka wurin fuloti-fuloti.

YARON MOTA: Oga, a fim ɗin Indiya malba suke cewa.

BAZAZZAGI: Rufe min baki. Malba zai sa mana mai a tanki?

MALAM: Jauro, kai ka yi shiru. Me Fulani ke cewa?

BAFILLATANI: Aradu Malam, dutse dai hayre ne, in sun yi yawa kaaƴe. Amma wannan wahala ta Haɓe ce. Mu in ɗakinmu ya faɗi, nagge ke cinye shi, a tashi a yi gaba.

BAKANO: Yauwa, gara da ka yi magana. Ba bijimin nan naka na gani jiya da yamma yana soshe-soshe a jikin katangata ba?

BAFILLATANI: Ya sosa, ban musa ba. Amma ya sosa a ganuwar Kano ma, ga ta can tsaye tun zamanin Sarki Gijimasu.

BAYARABE: Saboda ba Alaji ta sayi simintin ba.

(Duba-gari ya kutso da littafi a hammata, yana tsallake ruwan kwata.)

DUBA-GARI: Salamu alaikum. Mene ne wannan ya toshe kwata?

BAKANO: Hadko.

BAZAZZAGI: Rabish.

BADAMAGARE: Garaba.

BAYARABE: Garin kwaki.

DUBA-GARI: A littafina ba ko ɗaya. Abin da ke nan shi ne tare hanya, tararsa dubu 50 in azahar ta yi ba a kwashe ba. Na wane ne?

BAKANO: Ranka ya daɗe, ni ma fitowa na yi na gan shi. Katanga dai tawa ce lokacin da take tsaye. Da ta faɗi kuwa, ai wanda ya kayar shi ke da abinsa. Ga shi nan da bijiminsa.

DUBA-GARI: Ka bar masa ke nan?

BAKANO: Duniya da lahira. Malam shaida ne, Baba birkila shaida ne.

MALAM: Mun shaida.

BAFILLATANI: Yanzu duk wannan nawa ne? Har duwatsun gindin?

BAKANO: Har ƙurar. Allah ya ba ka ikon biya.

BAZAZZAGI: Jauro, matso kusa. Akwai ɗan kwangilan da ke jirana da ciko tun asuba, harsashin gidansa ruwa ya cika. Sawu biyu ne wannan. Dubu 20 kowane sawu, ka sallama?

BAKANO: Kai! Ba yanzu ka ce shara ce ba?

BAZAZZAGI: A hannunka shara ne. Hannun Jauro ya shiga, ya zama hadko.

BAFILLATANI: Ƙara biyar-biyar, ka ga har da turamen Jamus a ciki.

BAZAZZAGI: Na saya. Yaro, sauko da shebur!

BAKANO: To ai shi ke nan, Allah ya sa albarka. Jauro, ƙirga da kyau, sannan ka ware min la'adata. Wa ya haɗa ku in ba ni ba?