Layi Takwas, Lamba Tara

Duk wanda ya taɓa kwance rediyo ko amfilifaya ya leƙa cikinta, ya ga ƙananan rubuce-rubuce farare a bisa koren allon nan da ake dasa kayan lantarki a kansa, irin su R1, C5 da U2. Waɗannan su ne sunayen kayan, kuma harafin farko shi ke faɗin jinsin abin: R na rezistans ne, C na kondansa, D na diyod, U kuwa na baƙin abin nan mai ƙafafu da yawa da masu gyara ke kira aisi. Ƙa'idar guda ɗaya ce, wato kada abu biyu su ɗauki suna ɗaya a allo ɗaya, domin da sunan ne zanen haɗi da allo da takardar jerin kaya suke gane juna. Na daɗe ina karanta sunayen da wasu suka raɗa, a shagona na gyaran kayan sauti da ke unguwar Zariya a nan Maradi, kuma ban taɓa ɗaukar raɗa su a matsayin aiki ba sai da ya faɗo a kaina.

Wani Alhaji ne mai ba da hayar lasifika, wanda kayansa ke yawo gidajen biki da suna da wuraren wa'azi tun daga cikin gari har Tibiri da Madarumfa, ya zo ya ce yana son in haɗa masa miksa, wato na'urar da ke haɗa muryoyi wuri guda, mai ɗaukar makirfo takwas. Hujjarsa ita ce waɗanda ake shigowa da su daga waje kayan cikinsu ƙanana ne ƙwarai, ƙarfen dalmarmu ba ya iya kama su, idan sun lalace sai dai a jingine. Na karɓi aikin da ƙarfin gwiwa saboda a lokacin ina koyon KiCad, manhajar zana allon lantarki da ake samu kyauta, wadda wani malami Bafaranshe mai suna Jean-Pierre Charras ya fara a garin Grenoble a shekarar 1992, kuma tana magana da Faransancin da muka koya a makaranta.

Abin da ke sa miksa ta yi daɗin zanawa shi ne kowane makirfo yana da layinsa na kaya a cikinta, kuma layukan duk iri ɗaya ne. Na zana layin makirfo guda, da aisi TL072, da rezistans goma sha biyu, da kondansa takwas, sannan na zauna na jera su a bisa allo, na ja hanyoyin tagulla a tsakaninsu a gajarce domin kada su kwaso ƙugin wuta. Da na ga ya yi kyau, sai na kwafe shi na manna sau bakwai a jere, kuma cikin ɗan lokacin da bai kai na shan kofin shayi ba na ga miksa sukutum a gabana. Da na sa manhajar ta duba aikin, sai ta zubo mini ƙorafi mai tsawo, wai R1 guda takwas ne a allon, C1 ma takwas, haka kowane abu har ƙarshe. Allon ya zama gidan da aka haifi ƴaƴa takwas aka raɗa wa dukansu suna ɗaya, idan uwa ta yi kira ko dai duka su taso ko kowa ya yi shiru ya ce da ɗan'uwansa ake.

Na fara barin manhajar ta ba su lamba a jere yadda ta saba. Layin farko ya samu R1 zuwa R12, na biyu ya tashi daga R13 zuwa R24, aka ci gaba a haka. Ƙorafin ya ɗauke, amma wata matsalar ta fito, domin rezistans ɗin da ke ƙayyade ƙarfin murya, wanda yake R7 a layin farko, ya koma R19 a na biyu, R31 a na uku, R67 a na shida. Ke nan duk mai gyaran da za a kai wa wannan miksa nan gaba sai ya ajiye ƙarfen dalma ya ɗauki alƙalami ya yi lissafi kafin ya san inda zai taɓa, kuma na san abin da masu gyara ke faɗa a kan mai zane idan sun gamu da irin wannan, don ni ma na sha faɗa. Akwai kuma hanyar ba da lamba bisa mazaunin kowane abu a allo, daga hagu zuwa dama, wadda ke sauƙaƙa nemo abu da ido, amma ita ma tana raba ƴan'uwa da lambar da ta haɗa su. Manhajojin kuɗi irin su Altium suna iya barin R7 da sunansa su liƙa masa alamar layi a baya, sai dai kuɗin lasisinsu ba na shago irin nawa ba ne.

A cikin zaɓin da KiCad ke bayarwa na ga wanda ya kwanta mini, wato a ninka lambar shafi sau 100 a fara ƙirga daga nan. Idan kowane layi yana da shafinsa a zanen, to R7 zai zama R107 a wani layin, R207 a na gaba, R307 a na bayansa. Lambar farko ta faɗi layi, biyun ƙarshe su faɗi abin. Wanda shafinsa ya haura abu 99 sai ya ninka sau 1000, amma ni ban kai can ba. Tsarin ya burge ni har na kasa jira, na yago takarda daga littafin makaranta na rubuta jerin kayan da hannuna, R101 zuwa R112 da C101 zuwa C108, kowanne da ƙimarsa, na ƙara a ƙasa cewa haka za a maimaita har zuwa ɗari takwas. Na miƙa wa ɗan yayata da ke koyon aiki a wurina, domin ya ba direban da ke sayo mana kaya a kasuwar Sabon Gari ta Kano.

Bayan yaron ya fita ne na danna maɓallin ba da lambar. Manhajar tana ƙirga babban shafi, wanda sauran ke rataye a ƙarƙashinsa, a matsayin shafi na 1, kuma a nan na zana sashen wuta da wurin da muryoyin takwas ke haɗuwa. Saboda haka lambobin ɗari ɗaya duk suka tafi sashen wuta, layin makirfo na farko ya tashi da ɗari biyu, na takwas ya ƙare a ɗari tara. Na ga wannan da idona, na kuma ce a raina zan sake rubuta takardar bayan sallar la'asar, amma bazara ce, zafi ya haura digiri 40, kuma ban fayyace wa kaina la'asar ta wace rana ba.

Aikin da ya biyo baya shi ya cinye mini hankali. Sunayen da ke zanen sun sauya, amma kwafin nan bakwai da ke allo suna nan da tsofaffin sunayensu, sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya ina gyarawa da hannu, sannan na umarci manhajar ta sake haɗa zane da allo ta hanyar suna. A nan ne mutum ke gane darajar lamba guda, domin idan R305 da R306 suka yi musanya, siraran layukan da ke nuna abin da ya kamata ya haɗu da wani sai su giggitta juna, hanyoyin tagullar da aka ja da kyau su koma laifi. Fitowar KiCad ta 9, wadda aka saki a watan Fabrairun 2025, ta zo da kayan aikin da ke maimaita shimfiɗar layi guda a sauran ba tare da wannan wahala ba, amma tsohuwa ce a kwamfutata. Da komai ya daidaita na aika fayilolin zuwa wata masana'anta a Shenzhen ta ƙasar Sin, inda ba a buga ƙasa da allo biyar, suka iso ta Yamai, aka sako mini su a motar fasinja.

Na dasa diyod da aisi da masu daidaita wutar nan 7815 da 7915 da hannuna, sai tafiyar gaisuwar rasuwa ta kama ni zuwa Tasawa. Na bar wa yaron allon, na ce ya dasa rezistans da kondansa kafin in dawo. Ɗan yayata yaro ne mai ladabi irin wanda iyaye ke roƙon Allah ya ba su, kuma a wurinsa abin da kawunsa ya rubuta ba abin tambaya ba ne. Ya ɗauko takardar, ya nemi C103 a allo, ya same shi a sashen wuta. Takardar ta ce mikrofarad 10 mai jure bolt 16, alhali mazaunin na babbar kondansa ne mai mikrofarad 2200 da bolt 35, wadda ke kwance a aljihun teburina tare da ƴar'uwarta ta C104. Ramukan sun yi wa ƙaramar faɗi, sai ya buɗa mata ƙafafu da filaya har suka kai, ya zuba dalma mai sheƙi, ya yi wa ta biyun haka. Sashen ɗari tara kuwa ya bar shi fayau tunda babu shi a takarda, sannan ya rufe akwatin ƙarfen ya ɗaure kusoshi domin in tarar da aiki a kammale.

Ina sauka daga mota na tarar da Alhaji zaune a shago, ya tuɓe takalmi ya hau tabarma, tela maƙwabcina da mai shayin bakin titi sun zo kallo. Ganin akwati a rufe da fuskar yaron cike da fara'a ya sa na ga buɗewa a gaban mai kaya zai zama kamar rashin yarda da aikin gidana. Taransifomar tana ba da bolt 18, wanda idan ya ratsa diyod yake kaiwa wajen 25, kuma shi ne ya sauka a kan ƴar kondansar da ba ta wuce 16 ba. Na kunna, lasifika ta ɗauki wani ƙugi mai kauri, Alhaji ya gyara murya ya kai makirfo baki ya fara sallama. Bai kai ƙarshenta ba aka ji tau a cikin akwatin, ƙarfen ya ƙara wa ƙarar amo, farin hayaƙi mai wari ya fito ta ramukan iska. Alhaji mutum ne mai jiki, amma ban ga fitarsa ba, sai dai na hango shi a tsallaken titi da makirfo a hannu, wayar tana jan ƙasa. Da ya ga shiru, ya dawo a hankali ya sunkuya zai ɗauki takalminsa, a daidai lokacin C104 ta bi sahun ƴar'uwarta.

Na zare wuta na buɗe akwatin, na tarar da ɓawon kondansa biyu da tarkacen takardar cikinsu a warwatse, na juya na ce wa yaron, “Kai, ba ka ga ramukan sun yi wa abin faɗi ba?” Ya ce, “Na gani, Kawu, amma na ɗauka mutanen Sin ne suka yi kuskure, tunda ga rubutunka.” Ya miƙo mini takardar da hannu biyu, kowane layi da ƴar alamar da ya yi masa bayan ya dasa. Tela ya karɓa ya duba, ko da yake bai san rezistans ba, ya ce lallai yaron ya yi aiki da tsari, mai shayi kuma ya ce shi tun da ya ji ƙugin nan ya san abin ba na lafiya ba ne.

Allah ya taƙaita, ɓarnar ba ta wuce sashen wuta ba. Na cire abin da aka dasa a can na sa na gaskiya, na cike sashen ɗari tara, layuka takwas suka yi magana tsaf. Sai dai a fuskar akwatin an rubuta 1 zuwa 8, a allon ciki kuwa 2 zuwa 9, kuma farin rubutun masana'anta ba ya gogewa. Da Alhaji ya aiko da miksar daga baya cewa layi na uku yana ƙara, yaron ya buɗe ya sauya kayan ɗari uku gaba ɗaya, wato ya gyara layi na biyu da lafiyarsa ƙalau. Tun daga ranar na rubuta a cikin murfin da babban alƙalami cewa a ƙara ɗaya, kuma haka zan rubuta a sauran alluna huɗun da ke jiran masu saye.

Ranar da Alhaji ya zo biyan cikon kuɗi, ya tsaya daga bakin ƙofa da takalminsa a ƙafa, ya ce a buɗe masa ya ga abin da ya saya. Ya sa tabarau ya bi lambobin da yatsa har ya kai R912, ya ɗago ya ce, “Malam, ai tara ka yi mini, ina ramin makirfo na taran?” Na yi masa bayanin babban shafi da ƙananan shafuka da ninkawa sau 100, yana gyaɗa kai har na gama, sannan ya ce ya fahimta sarai, kuma ba zai matsa mini ba, duk ranar da na samu sukuni in huda masa ramin. Ya riƙe jikka biyar daga cikin kuɗin, ya ce zai cika idan na huda.